Malam Arzika da Sunan Ɗan Farin Zulai

Kafin hantsi ya dubi ludayi, Malam Arzika ya riga ya iso gindin dogon-yaron nan da ke kallon ƙofar kotu a Bodinga. Yakan fara biyawa shagon Auwal tela, inda teburinsa ke kwana, su gaisa, su tambayi gajiya da iyali, sannan su kinkimo teburin tare. Ƙafa ɗaya ta teburin gajera ce, akwai guntun bulo da aka ajiye dominta tun ba yau ba. Sai ya zare tsohon rawanin da yake lulluɓe keken rubutunsa da shi, ya goge haruffan ɗaya bayan ɗaya. Bencin masu zuwa yakan sa shi a inuwa, kujerarsa kuwa duk inda rana ta bar masa. Shekara goma sha bakwai ya yi yana haka, in ka cire Juma'a da ranar kasuwar Shagari, wadda yakan ɗaure keken a bayan kabu-kabu ya kai aikin can.

Ba lauya ba ne, kuma kada ka kuskura ka kira shi haka. Mutanen ƙauye sun so su laƙaba masa Lauyan Talaka, ya ƙi ƙememe. "Ni ba lauya na ba," in ji shi. "Tahinta na, wanda yag gaji da tsayuwa yas samu kujera." Gaskiyarsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a cikin kotu yana mayar da Turanci Hausa, Hausa Turanci, kuma a can ya ga abin da ya hana shi zaman gida bayan ya ajiye aiki. Ya ga mutum ya shigo da gaskiyarsa a hannu ya fita babu ita, don kawai bai san wace takarda ake fara kaiwa ba, bai san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba.

Da yatsa biyu yake buga keken, ƙwas, ƙwas, har mai gaggawa ya ji kamar ya karɓa ya yi da kansa. Amma ba mai ɗora yatsa a takarda a teburinsa sai ya karanta masa ita da Hausa sau biyu, ko da kuwa mutum na rantsuwa ya gane tun karon farko. Auwal tela shaida ne ranar da wani manomin albasa ya zo da takardar da aka ba shi ya dangwala, yana murna wai aron fadamarsa za a yi na rani ɗaya. Malam Arzika ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Bawan Allah, wagga ba aro ta ba, saisuwa ta. In ka dangwala, kai da hwadama sai kallo." Har yau mutumin na noma fadamarsa. Matan da aka rasu aka bar su da marayu kuwa, ba takarda kawai yake rubuta musu ba. Yakan tashi ya raka mace har bakin ƙofa, ya nuna mata bencin da za ta zauna, ya ce kada ta ji tsoron ɗaga murya in an tambaye ta. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Mai ƙwai biyu ya ajiye, mai albasa ya ajiye, wanda ba shi da komai ya yi addu'a ya tafi.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba ma son tunawa kuma ba su bar mu mun manta ba. Ba a rubuta shi yaƙi a takarda ba, amma wanda ya gudu da 'ya'yansa ya bar rumbunsa na cin wuta ya san sunan abin. Lauyoyi dama ba yawa gare su ba, kuma a birni suke. Da hanyoyi suka zama abin tsoro, masu leƙowa ƙauye suka ɗauke ƙafa. Wasu suka tattara suka koma garuruwan da ake barci da ido biyu rufe. Wanda ya rage, in ya ji an danganta mai ƙara da 'yan bindiga, sai ya ja jiki, kada a shafa masa kashin kaji. Waɗanda ke tsaya wa talaka kyauta kuwa, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su, kowanne da tulin fayil har wuya. Ga kuma kame ana ta yi, mai laifi da marar laifi. To, ina talaka zai nufa? A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Bencin Malam Arzika ya cika, har mata na shimfiɗa zane a ƙasa.

Kai ne, Malam, ka zama ƙofar da ba ta rufe ba. Kai ne mai shiga motar birni da takardun mutane a cikin jakar leda, ranar da masu manyan motoci suka ce hanya ba ta biyuwa. Kai ne mai zaman jiran lauya daga safe har la'asar a bakin ofis, da rawaninka da furfurarka, don ya dubi takarda ɗaya. Mun gani, kuma mun yi shiru. Kaico, shirun nan namu ya yi tsawo.

Amma da aka ce masa za a rubuta wannan jinjina, sai ya kafa sharaɗi, don mutumin akwai taurin kai. Ya ce in ba za a sa labarin Zulai ba, a bar rubutun. Aka ce masa, Malam, yabo za a yi. Ya ce, "To ku yabi abin da ad da amhwani. Wanga labari ya hi yabo amhwani." Ga shi nan yadda ya faru.

Da rani ne, ana tsakiyar ban-ruwan albasa, wata dattijuwa ta zo ta zauna a ƙarshen benci. Ba ta yi magana ba sai da kowa ya watse. Sunanta Zulai, daga wata 'yar tunga da ke bayan Horo Birni. An tashe su, mutanen tungar sun watsu kowa ya kama gabansa, ita tana raɓe a Shagari gidan Kausar, ɗiyar ƙanwarta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya gare ta, shi ke ci da ita. A lokacin an hana yawo da man fetur a jarka, saboda masu kai wa 'yan bindiga. Shi kuwa ɗan nata ya sayo mai don injin ban-ruwansa, aka tare shi a hanya da jarka a bayan babur, aka haɗa shi da wasu aka yi birni da su. Kwana arba'in ba labari.

Malam Arzika ya sa takarda a keke. "Mi as sunan yaron?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi. "Na'Allah."

"Ubanai hwa?"

Wata mata da ta rako ta ce ta amsa, "Mode aka ce mai."

Ya buga Na'Allah Mode. Ya karanta mata takardar sau biyu kamar yadda ya saba, ta gyaɗa kai sau biyu, ta dangwala. Na'Allah suna ne da muke da shi ko'ina a ƙasar nan, akwai masu shi a katinsu. Bai ga abin tambaya ba.

Sau biyar yana kai takardar nan birni. A wuraren da ake tsare mutane ba a barin kowa ya shiga ya leƙa fuskoki, ba a kuma fita tsakar gida a ƙwala kira. Littafi ake buɗewa, a bi da yatsa, a rufe. Kowane zuwa amsa ɗaya ce: babu mai wannan suna. Ya samu wata lauya, Barista Mufida, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su gudu ba kuma ba sa karɓar komai a hannun talaka. Ita ma ta duba duk inda ƙafarta ke kaiwa, ta ce, "Baba, in babu suna, ba ni da abin da zan kai gaban alƙali."

Duk mako, Zulai na zuwa Bodinga ta zauna a ƙarshen benci. Ba ta tambaya, ido kawai take ɗagowa. Shi kuma ya ce, "A ƙara haƙuri, Inna." Mutane suka fara cewa ai an kashe shi. Masu baƙin baki suka ce wa ya sani, ƙila dama yana tare da mutanen daji ya koma wurinsu. Abin da ya fi ci wa Malam Arzika rai har yau shi ne, a cikin zuciyarsa shi ma ya fara yarda da ɗaya daga cikin biyun. Ya mayar da takardar ƙasan jaka. Damina ta zo ta wuce, aka girbe gero, aka sake dasa albasa. Sai Zulai ta daina zuwa, aka ce ba ta jin daɗi.

Wata goma sha huɗu da fara maganar, idonsa ya matsa masa, ya tafi asibitin ido a birni. Yana zaune a layi, ma'aikaciya ta fito da kati ta kira, "Muhammad Bashar Usman!" Ba wanda ya motsa. Ta sake kira. Ta kira na uku da faɗa. Sai na kusa da shi ya leƙa takardar da ke hannunsa ya taɓa shi, ya ce, "Baba, ba kai aka kira ba?"

Shi ne kuwa. Muhammad Bashar sunansa na yanka. Shi ɗan fari ne, kuma har mahaifiyarsa ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan ba. Arzika take ce masa, gari ya ɗauka, har shi kansa sunan ya zame masa baƙo. Ya miƙe tsaye, amma ba ɗakin likita ya nufa ba. Ya ce a take ya ga Zulai tana sunkuyar da kai tana jan mayafi. Innalillahi! Wace uwa ce a ƙasar nan za ta zauna gaban namiji, a bainar jama'a, ta faɗi sunan ɗan farinta? Shi da aka haifa cikin wannan al'ada, shi da yake yawo da ita a jikinsa shekara saba'in, shi ne ya buga laƙabi a takardar hukuma. Yaron kuwa da aka tambaye shi suna a inda aka tsare shi, ai abin da ke katinsa zai faɗa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya bar layin ya fita neman motar Shagari, ba a duba idon ba.

Ya tarar da ita kwance a tabarma, ta rame, Kausar na mata fifita. Bayan sallama da gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, Na'Allah sunan yanka na, ko na gida?"

"Na gida na."

"Kausar, ke kin san na yankan?"

"Wallahi Baba, tun da nit tashi Na'Allah nika ji. Waɗanda sunka sani sun watse, wasu sun mutu."

Ya juya ga tsohuwar. "Inna, ba ni son in sa ki abin da ba ki so. Bari in riƙa hwaɗin sunaye, in na zo kansa ki ɗaga hannu." Ya fara. Abubakar. Umaru. Usmanu. Aliyu. Ya bi sunayen annabawa, ya bi na sahabbai, ya bi na malaman da ya sani. Hannun bai motsa ba. Har sunayen suka ƙare masa.

"Malam," ta ce a hankali, "ɗan hwari na, kuma sunan uban mijina anka sa mai. Kunya biyu ta."

"Na sani, Inna. Ba laihinki na ba. Ni ad da laihi, da ban tambaya ba tun ranar hwarko. Amma in babu sunan ga, ba mu ganinai."

Ta ce wa Kausar ta ɗan ba su wuri. Ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Malam Arzika ya ce ya ji numfashinta na fita da ƙyar, har ya yi niyyar cewa a bari. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin.

"Zainulabidin."

Ya laluba aljihu yana neman biro. Kafin ya rubuta sai ta sake faɗa, wannan karon ba don shi ba, a hankali, tana jan kowane gaɓa.

"Zainulabidin. Shekara talatin da huɗu shina cikin bakina. Ashe da daɗin hwaɗi."

Washegari kafin azahar Barista Mufida ta same shi a littafi: Zainulabidin Muhammad. Mode ai Muhammadu ne a bakinmu. Yana nan da rai, a wurin da Malam Arzika ya je har sau biyar. Tun ranar da aka fara kai shi gaban alƙali aka ce a ajiye shi, ba a sake waiwayarsa ba, don ba shi da mai tsaya masa. Ya taɓa aiko da saƙo ta hannun wani da aka saki, mutumin ya je tungar ya tarar ba kowa sai kango.

Aka kai wa Zulai albishir, ta tashi zaune ta sha kunu, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Da a ce lauyoyi na da yawa, da maganar ba ta wuce mako ba, don ba wata hujja a kansa sai jarkar mai. Amma Mufida ita kaɗai ce, ranar da aka sa tana tsaye a wata kotun kan mutum shida. Aka ɗaga. Ranar da ta samu zuwa, ba a kawo waɗanda ake tsare da su ba. Aka sake ɗagawa. Malam Arzika ya bi ofis-ofis yana roƙon ko wani zai karɓa mata, kowa ya nuna masa tulin da ke gabansa, wasu kuma da jin kalmar jarka suka ce ba su da lokaci. Mako bakwai aka yi. Ranar da alƙali ya ce a sake shi, Zulai ta kwana tara a kabari.

Bayan sati ɗaya wani mutum dogo, ramamme, ya zo gindin dogon-yaro ya zauna a ƙarshen benci, daidai inda take zama. Auwal tela na wurin, shi ya ba da wannan labari. Ya ce Malam Arzika bai jira an gabatar da shi ba. Ya tashi daga kujerarsa ya zo ya tsuguna gaban mutumin da ya haifa a shekaru, ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ya ce, "Wata goma sha huɗu na zamanka, a wuyana su ke. Da na yi tambaya guda, da ka ishe ta da rai. Ka yahe mani in kana iyawa."

Zainulabidin bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Kausar ta ce mani Inna tah hwaɗi sunan. Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ni ban taɓa ji ba, Baba. Ko sau guda." Ya ɗago. "Ƙaƙa tah hwaɗe shi?"

Tsohon tafinta, wanda ya shekara ashirin da biyu yana maimaita maganar mutane a gaban alƙali ba tare da muryarsa ta girgiza ba, ya buɗe baki ya kasa. Sai da ya yi ƙoƙari sau uku. Ya faɗa masa yadda ta faɗa, a hankali, yana jan kowane gaɓa, ya kuma gaya masa abin da ta ce bayan nan. Auwal ya ce shi dai ya koma shago ya tayar da kekensa na ɗinki ba tare da ƙyalle a ciki ba, don kada a ji shi.

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a bencin nan, tambayar farko ita ce, "Sunan yanka ko na gida?" In mace ce ta zo kan ɗanta ko mijinta, yakan ce ta zo da wanda bakinsa ba shi da nauyi, ko ta raɗa wa wata a kunne. Barista Mufida ta ce ta dalilin wannan tambaya kaɗai an gano mutum huɗu da aka fitar da rai da su. Aka gaya masa don ya ji sanyi, ya ce, "Huɗu ba su maida guda."

Yanzu idon ya tafi. Likita ya ce an makara. Ƙarshen watan jiya ya lulluɓe keken da rawani, Zainulabidin ne ya ɗauki teburin a ka ya kai masa gida, don tun daga wancan lokaci bai daina leƙo shi ba. Bencin kuwa Malam ya ce a bar shi. Auwal na fito da shi kowace safiya, kuma har yanzu mata na zuwa daga ƙauyuka su zauna, su jira, sai ya fito ya ce musu Malam ya daina.

Abin da ke ba ni takaici ke nan. Mun bar tsoho ɗaya da yatsa biyu ya ɗauki kayan da ya kamata mutum ashirin masu digiri su ɗauka, sannan da ya yi tuntuɓe sau ɗaya, shi kaɗai ke kuka da laifin. Ina namu? Ku 'ya'yanmu da kuka karanta shari'a, da gero da albasar ƙauyukan nan aka yi muku makaranta. Ba a ce ku bar birni ba. Rana ɗaya a wata, mutum ya shigo motar Bodinga ko ta Shagari ya zauna a bencin nan ya saurara. Ku ma da kuka iya karatu da rubutu ba ku da aikin yi, ku je gidansa tun yana da sauran numfashi, kansa cike yake da ƙofofi da hanyoyi, kuma ba ya rowa. In kun zauna, ku karanta wa mutum takardarsa sau biyu, ku kuma tambayi sunan.

Kai kuma Malam, ka ce kada a yabe ka, mun ƙi. Kai ne ka tsaya lokacin da masu riga suka janye. Kai ne ka yi kuskure ka tsuguna a gaban wanda ka cuta, a ƙasar da manya ba su iya cewa na yi laifi. Zulai ta ajiye kunyar shekara talatin da huɗu a hannunka, ka kai amanar har kunnen mai ita. Allah Ya jiƙanta, Ya sa haƙurinta ya zame mata haske, kai kuma Ya sauke maka abin da ka ɗora wa kanka.

Yau mu ma za mu ajiye kunya mu kira ka da sunan da aka raɗa maka. Muhammad Bashar, mun gode. Don Allah, wannan karon ka amsa tun kiran farko.